Abin da tarihin mutum-mutumi ke koya wa mai aiki da shi

Babban darasin da na ɗauka daga karatun mutum-mutumi da aiki da shi shi ne, na'urar ba ta san inda take ba sai an gaya mata. Kusan duk ci gaban da aka samu a wannan fanni ƙoƙari ne na rage wannan rashin sani. Wanda ya gane haka, in hannun inji ya fara kauce wa aikinsa, ba zai fara da zargin manhaja ba.

A shekarar 1206 Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori a Diyarbakir, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. A cikin agogonsa na giwa akwai kwano mai ɗan rami da ke shawagi a tankin ruwa. Ruwa na shiga a hankali, bayan rabin awa kwanon ya nutse, ya ja igiya, igiyar ta saki ƙwallo, nauyin ƙwallon ya motsa sauran sassan, ya kuma jawo kwanon sama a sake sabon lale. Duk umarnin yana cikin girman ramin nan. Masaƙar Jacquard ta Faransa, a 1804, ta raba umarni da inji: zanen saƙa ya koma kan kati mai ramuka, in an sauya kati an sauya aiki.

Mutum-mutumin masana'anta ya fara ne da George Devol, wanda ya nemi rajistar ƙirarsa a 1954, shi da abokin aikinsa Joseph Engelberger. A 1961 aka girka hannun injinsu mai suna Unimate a masana'antar General Motors da ke New Jersey a Amurka, yana ciro ƙarfe mai zafi daga injin zubi. Akan kai hannun kowane matsayi, a ajiye matsayin a ƙwaƙwalwa, shi kuma ya yi ta maimaitawa. Da matsin mai yake motsi. Akwai ƙarfi, amma mai na yoyo, kuma kaurinsa na sauyawa da zafi, don haka tafiyar hannun da safe ba ɗaya ba ce da ta rana tsaka. Wannan na cikin abin da ya tura masana ga lantarki: Victor Scheinman ya ƙera hannu mai gaɓa shida a Jami'ar Stanford a 1969, kamfanin KUKA na Jamus ya fito da hannun Famulus a 1973, kamfanin ASEA na Suwidin ya kawo hannun IRB 6 a 1974. Gaɓa shida ta zama ƙa'ida saboda dalili mai sauƙi: uku na kai hannu wurin da ake so, uku na karkata shi yadda ake so.

Abin da sabon ma'aikaci ya fi wahalar ganewa shi ne, iya maimaita wuri daban, sanin wurin daban. Takardar hannun zamani kan ce yana komawa matsayin da aka koya masa da kuskuren da bai wuce milimita 0.02 zuwa 0.05 ba. Gaskiya ne. Amma a ba shi lambobin wani wuri da aka lissafa a kwamfuta, wanda ba a taɓa kai shi ba, yana iya kaucewa da milimita guda ko fiye. Dalili kuwa, hannun bai auna bakinsa ba. Abin da yake aunawa shi ne juyin kowace gaɓa, da ma'aunin juyi da ke bayan injin gaɓar, sai ya lissafa inda ya kamata bakin ya kasance bisa tsawon sassan da aka rubuta masa. Kuskuren digiri 0.1 a gaɓar gindi yana zama milimita 1.75 a nisan mita ɗaya, ya ninka a mita biyu. A ƙara da ɗan giɓin da ke tsakanin haƙoran giya, da lanƙwasar hannu in ya ɗauki kaya, da zafi. Mita ɗaya na ƙarfe yana ƙaruwa da kimanin milimita 0.12 in zafi ya hau da digiri goma, alminiyam kuwa kusan ninki biyu. Shi ya sa a aiki mai bukatar daidaito ake barin hannu ya yi motsi ba kaya har ya ɗumama kafin a koya masa matsayi.

In hannu ya kauce, akwai jerin da ya kamata a bi. A fara da bakin kayan aiki: bututun walda da ya yi karo ya ɗan lanƙwashe shi ne mai laifi sau da yawa. Ana sake auna shi ta hanyar taɓa tsinin abu ɗaya da aka kafa daga kusurwa huɗu mabambanta, kwamfutar ta fitar da inda bakin yake. In kusurwoyin sun yi kusa da juna, lissafin zai fito amma ba zai yi kyau ba. Sai a duba maƙallin da ke riƙe abin da ake aikin a kansa, ko ya sassauta. Bayan nan a duba sifirin gaɓoɓi, wato matsayin da kowace gaɓa ke fara ƙidayar juyinta daga shi. Hannaye da yawa na riƙe ƙidayar juyinsu da ƙaramin batir, in ya mutu alhali an kashe wuta, hannun ya manta sifirinsa, dole a jera kowace gaɓa da alamarta a sake saita ta. A wasu nau'o'in ana sauya batirin ne wuta na kunne, saboda haka a karanta littafin injin kafin a taɓa. Sai duk waɗannan sun wuce sannan a buɗe manhaja.

Abu biyu kuma da ke cin mutane. Nauyin da aka rubuta hannu na ɗauka ya haɗa da maƙamar da aka ɗaura masa: hannun kilo 10 mai maƙamar kilo 4 kayan kilo 6 kawai zai ɗauka, ya ma ragu in nauyin ya yi nisa da wuyan hannu. Na biyu, in gaɓa ta biyar ta miƙe, ta huɗu da ta shida suka zo kan layi ɗaya, lissafin tafiya a miƙe yana neman su juya da gudun da ba su da shi, sai hannun ya fizga ko ya tsaya da ƙararrawa. Maganinsa a ɗan karkata kayan aikin ko a sauya hanya.

Sanin abin da ke kewaye ya fi duk wannan wuya. Shakey, mutum-mutumi mai tafiya a kan taya wanda aka yi a cibiyar bincike ta SRI da ke Amurka daga 1966 zuwa 1972, yana gani da kyamara yana tsara hanyarsa, amma cikin ɗakunan da aka shirya masa musamman, kuma a hankali ƙwarai. A gasar motoci masu tuƙa kansu da DARPA, hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, ta shirya a 2004, babu motar da ta kammala tuƙa kanta a hamada, wadda ta fi nisa ta yi kimanin kilomita 12. A 2005 motoci biyar suka gama kilomita 212, Stanley ta Stanford ta zo ta ɗaya da na'urorin auna nisa da hasken leza guda biyar a rufinta. Har yau ɗaukar abu mai laushi daga tulin kaya a hargitse yana ba injin wuya fiye da lissafin da ke gagarar mutum.

Wannan rashin gani ne ya sa maganar tsaro ba ta wasa ba ce. A 1979 hannun inji ya kashe wani ma'aikaci a masana'antar Ford da ke Flat Rock a Michigan, domin injin bai san akwai mutum a wurin ba. Ƙa'idar ISO 10218 ta taƙaita gudun hannu zuwa milimita 250 a daƙiƙa yayin da mutum ke ciki yana koya masa aiki. Maɓallin da mutumin yake riƙe da shi a hannunsa matsayi uku gare shi, a na tsakiya kaɗai injin ke motsi, domin wanda ya firgita ko dai ya saki ko ya damƙe, kuma duka biyun na tsayar da shi. Ƙananan hannayen da ke aiki kusa da mutane, irin UR5 da ya fito a 2008, suna tsayawa in sun ji karo. Amma in abin da ke bakin hannun tsini ne ko wuƙa ko ƙarfe mai zafi, tsayawar ba ta hana rauni, don haka aikin gaba ɗaya ake tantancewa, da maƙamarsa da kayansa da gudunsa, kafin a cire shinge.