Zuwa Daura da dawowa, idona na kan allon mai

Asabar, bayan sallar isha'i.

Tun da asuba Kawu ya aiko a kira ni. Direbansa ya tafi ganin gida, ga kuma ɗaurin aure a Daura ƙarfe goma sha ɗaya. Ina isa ya miƙo mini makulli, ya ce, "Ɗana, yau kai za ka ja mu. Ka bi ta a hankali, ba Golf ɗinka ba ce." Na ce, "To Kawu, in Allah Ya yarda."

Audi RS6 Avant ce, wagon, baƙa wuluk. Shekara shida ke nan ina jan Golf wagon a wannan hanya ta Katsina zuwa Daura, mahaifina kuwa Fijo 504 wagon ya ja, irin wadda ake haɗawa a Kaduna, har ya ajiye tuƙi. A gidanmu wagon motar neman abinci ce. Wannan ma but ɗinta ya haɗiye tabarmi huɗu da katan-katan na ruwa da huhun goro, da sauran wuri. Sai dai abin da ke gabanta daban ne: injin V8 mai lita 4, turbo biyu, ƙarfin doki 600. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100, daƙiƙa 3.6 ta ishe ta, alhali nauyinta ya haura tan 2.

Gidan mai muka fara tsayawa. Tankinta lita 73 yake ci, kuma ya kusa ƙasa. Yaron da ke zuba man ya riƙa duban mita yana dubana, har famfon ya tsaya da kansa. Sama da naira dubu 60 Kawu ya biya. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba, da dubu 15 an cika tankin nan har da canji. Na yi shiru, domin kuɗin da aka zuba yanzun nan ya fi abin da nake kaiwa gida a wani makon.

Na share lissafin allon, na fara daga sifiri. Daga nan zuwa Ƙofar Durɓi cunkoso ne, 'yan Keke Napep na kutsawa ta ko'ina, esi a kunne, a taka birki a saki. Allon ya nuna lita 20 a kilomita 100. Gabana ya faɗi.

Da muka fita gari hanya ta buɗe, sai na tsayar da ƙafata a 90 zuwa 100, ban ƙara ba. A nan motar ta burge ni. Idan ba a matsa mata ba, injin da kansa yake kashe silinda huɗu cikin takwas, ya ci gaba da huɗu, kuma wallahi ko girgiza ban ji a sitiyari ba. Idan na ɗauke ƙafa daga totur a gangara, wani lokaci injin ya mutu gaba ɗaya, motar na ta sulalewa, batirinta mai bolt 48 na riƙe da komai, ina taɓa totur ya tashi. Mu a tasha mukan saka firi a gangara don a rage shan mai, ga haɗari, ga faɗan fasinja. Ita an gina mata wannan dabara a ciki, ba tare da birki ko sitiyari sun saki ba. Kafin Mashi lambar ta sauko 13. Muna shiga Daura, bayan kilomita 80 ko kusa da haka, tana kan 11 da ɗigo kaɗan. Kamfanin da kansa 12 da wani abu yake faɗa. Na nuna wa Kawu, ya gyara tabarau ya duba, ya ce, "Direbana bai taɓa kawo ta nan ba." Daɗi ya kama ni sosai.

An ɗaura aure, an yi fatiha, an raba goro da dabino. Wani dattijo mai jan Sharon ya zagaya motar sau biyu, bai tambayi kuɗinta ba, bai tambayi gudunta ba, cewa ya yi, "Yaro, nawa take sha?" Na faɗa masa duka biyun, na gari da na hanya. Ya jinjina kai.

Dawowa kam Kawu na sauri, yana da baƙi bayan la'asar. Muka tarar da tirela biyu a jere, na jira hanya ta yi fes, na taka. Bayana ya manne da kujera, injin ya yi wata kuwwa mai kauri, kafin in ja numfashi mun wuce su. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta so in sake, kuma na sake sau uku. Lissafin dawowa ya tashi 15.

Abu ɗaya ke damuna. Injin nan mai ƙarfin oktan 98 aka tsara masa (oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure matsi a cikin inji), namu na famfo kuwa wajen 91 ne. Akwai na'ura a jikinsa da ke sauraron ƙwanƙwasa, da ta ji sai kwamfuta ta jinkirta tartsatsin filogi don kada fistin ya ji rauni. Ƙarfi ya ragu ke nan, shan mai ya ƙaru, musamman a zafin rana irin na yau. Na roƙi Kawu ya hana a zuba mata man bumburutu ko da an matsu. Ya ce zai gaya wa direban.

Da na mayar masa da makulli ya ce ranar Talata za mu Kano, in direban bai dawo ba. Na rubuta lambobin yau a ƙaramin littafin da nake lissafin Golf. Idan muka fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ina so in ga ko za ta sauka ƙasa da 11.