Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Guzurin Hawan Dutsen Shere

A makon jiya na tsaya a inda aka sanar da mu, mu 'yan ƙungiyar ɗalibai, cewa ranar Asabar za mu hau duwatsun Shere, kuma kowa ya taho da guzurinsa, domin can sama ba a samun ko mai tallar gyaɗa. Duwatsun suna gabas da garin Jos, tafiyar kimanin kilomita 10, kuma ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, wato ita ce wuri mafi tudu a duk faɗin Filato. Ni kuwa, kafin wannan lokaci Dala kaɗai na taɓa hawa, shi ma da taimakon matakala.

Niyyata ita ce in dafa shinkafa da wake in zuba a kwano, amma da Gwaggo ta ji haka sai ta ajiye carbinta ta dube ni. Ta ce, "'Yar nan, mai hawan dutse ba ya ɗaukar abin da zai yi tsami kafin azahar. Je ki auno mini aya da gyaɗa." A gidanta na unguwar Gangare cikin Jos nake zaune a shekarun karatuna, kuma na riga na san cewa idan ta yanke magana ba a tsawaita ta.

Dakuwa ta nufa. Mun wanke aya gwangwani biyu, muka tsince tsakuwar da ba a raba ta da ita, muka shanya har ta bushe ƙarau, sannan Gwaggo ta soya ta sama-sama a kasko, ta kuma soya gyaɗa gwangwani ɗaya muka murje ɓawonta. Iyakar aikin wuta ke nan. Daga nan babu dafawa babu gashi, sai turmi da taɓarya. Ayar muka kai inji saboda taurinta, muka tankaɗe garin, muka haɗa shi da gyaɗar da sukari da ɗan gishiri da citta da barkono kaɗan, sai ta miƙo mini taɓarya ta koma kan tabarmarta.

A nan ne na yi kuskuren da har yau ake yi mini dariyarsa a gidan. Na daka na ɗan lokaci, hannuwana suka gaji, na ga garin ya haɗe a ido, sai na fara mulmulawa, amma duk curin da na ajiye a faifai sai ya wargaje kamar yashi. Da na rasa dabara na ɗebo ruwa a moɗa zan yayyafa, kuma Allah ya sa ta ɗago kai kafin in zuba. Ta ce ko ɗigo ɗaya ya shiga, dakuwar ba za ta kwana uku ba sai ta yi fumfuna, alhali wadda aka yi a bushe tana wuce mako lafiya lau. Abin da ke riƙe ta shi ne man gyaɗar, wanda ba ya fitowa sai daka ta yi daka, har ka ga gindin taɓarya yana ƙyalli, ƙullun yana mannewa a jikin turmi. Na ci gaba da daka har aka kira sallar isha'i. Daga ƙarshe ta ɓare dabino mai laushi kamar guda goma sha biyar, tana duba cikin kowanne saboda ƙwari, ta jefa a turmin, ta ce shi zai ƙara danƙo, ya kuma ba ni ƙarfi da wuri kafin gyaɗar ta kama ciki. Na samu curi ashirin da 'yan kai, kowanne bai kai girman ƙwan kaza ba, muka ɗaure su uku-uku a leda.

Mun fara hawa da hantsi cikin sanyin hunturu, kuma kafin mu yi rabin hanya biskit ɗin wasu ya zama gari a jaka, cakulan wata ƙawata ya narke ya ɓata mata mayafi. Dakuwata kuwa ba ta canza kama ba, curi biyu kawai na ci a hutun farko na ji gwiwoyina sun daina rawa. Sai dai akwai abin da ni da Gwaggo duka muka manta, wato ruwa. Dakuwa tana jawo ƙishirwa, balle wadda aka sa wa barkono da citta, ga iskar hunturu tana busar da maƙogwaro, ni kuwa ƙaramar gora ɗaya na riƙo, ta ƙare tun muna tsakiyar duwatsun. Sauran hanyar da musaya na yi ta, curi ɗaya a bakin kurɓi uku, kuma wani ɗalibi ɗan Pankshin da bai taɓa ɗanɗana ta ba ya ba ni rabin gorarsa a kan curi huɗu.

Da na dawo da magariba, ƙafafuwana sun kumbura, Gwaggo ba ta tambaye ni yadda dutsen yake ba. Jakar ta karɓa ta zazzage, ta samu leda ɗaya da ta rage, ta ɓalli ɗan kaɗan ta sa a baki, sannan ta ce gishirin ya yi yawa.