Kalmomin da ba sa burge kowa

A wajenmu idan aka ce wane ya iya Turanci, sau da yawa abin da ake nufi shi ne yana sakin kalmomin da mai sauraro bai taɓa ji ba. Shi ya sa har yau matasa ke yaɗa bidiyon Patrick Obahiagbon, tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Edo, suna dariya suna kuma sha'awa. Da wannan ra'ayin yawancin ɗalibai ke shigowa ajin da nake koyar da masu shirin WAEC da JAMB. Kowa da littafinsa cike da dogayen kalmomi da ya kwafo daga ƙamus, an faro daga A, kuma da wuya ka ga jerin ya wuce C. Abin da koyarwa ta nuna mini shi ne, ba irin waɗannan ke kayar da yaro a jarrabawa ba, ba kuma su ke hana shi gane littafinsa idan ya shiga jami'a.

Masu kayar da shi kalmomi ne marasa ado, irin su "assume" da "derive" da "establish" da "significant". Yaro ya san ya taɓa ganinsu, don haka ba ya tsayawa a kansu, amma ka ce ya sa ɗaya a jimla sai ya hau sosa ƙeya. Wata malama a Jami'ar Victoria da ke Wellington, a ƙasar Niyu Zilan, mai suna Averil Coxhead, ta fitar da jerin irin waɗannan kalmomi a 2000. Ta tara rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi kusan miliyan uku da rabi daga fannonin adabi da tarihi da makamantansu, da kasuwanci, da shari'a, da kimiyya. Ta ware kalmomi 2,000 na yau da kullum waɗanda Michael West ya jera tun 1953. Wannan West ɗin dai shi ne mai ƙaramin ƙamus ɗin nan da iyayenmu suka yi firamare da shi. Daga abin da ya rage ta zaɓo waɗanda ke maimaituwa a dukkan fannonin, ta samu gidajen kalmomi 570, wato kowace kalma da 'ya'yanta. Su kaɗai suna ɗauke da kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun boko mai zurfi. A shafi guda na littafin jami'a, kusan kowace kalma ta goma daga cikinsu take, ko ɗalibin lauya ne ko likita.

Tun da na gane haka na sauya yadda nake raba lokacin aji. Kalmar da yaro zai haɗu da ita sau ɗaya a shekara ba ta cancanci minti goma na darasi ba, komai daɗinta a baki.

Sai dai 570 ba su ne ƙarshen tafiya ba. Paul Nation, shi ma na wannan jami'ar, ya nuna a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da taimako ba yana bukatar gidajen kalmomi 8,000 zuwa 9,000, domin ya san kashi 98 cikin 100 na abin da ke gabansa. Ko a hakan ma, kalma ɗaya cikin kowace hamsin baƙuwa ce. Babu malamin da zai koyar da dubu takwas a kan allo. Abin da aji zai iya shi ne ya ba da 570 ɗin nan, ragowar kuwa sai karatu ya kawo su.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci wajen cusa wa ɗalibai shi ne cewa kalma ba ta tafiya ita kaɗai, tana da abokan da ta saba da su. Bahaushe yana shan magani, sai yaro ya rubuta "drink medicine", alhali Bature "take" yake cewa. Ya san ma'anar kowace kalma, amma haɗin ya karye, kuma mai duba takardar WAEC a kan haɗin yake jan layi. Saboda haka ba na karɓar littafin da aka rubuta kalma a hagu, ma'ana a dama, shi ke nan. Dole a kwafo jimlar da aka tsinci kalmar a ciki, a ja layi a ƙarƙashin abin da ya zo gabanta da wanda ya biyo bayanta. JAMB ma haka take tambaya. Cikin tambayoyi 180 na jarrabawar, 60 na Turanci ne, kuma inda ake neman kalma mafi kusa da ma'ana ko kishiyarta, a cikin jimla ake ajiye ta. Mai hadda tsagwaronta yakan zaɓi ma'anar da ya fi sani, jimlar kuwa wata take nufi.

Akwai kuma dukiyar da yaranmu ke zuwa da ita ba su san dukiya ba ce. Wanda ya yi sarfu a Islamiyya ya saba da cewa tushe ɗaya yana haifar da kitabu da katibu da maktaba. Da zarar na ce masa Turancin boko ma haka yake, "analyse" na haifar da "analysis" da "analyst" da "analytical", sai ka ga ya miƙe zaune. Daga nan koyon ɗafe-ɗafen gaba da na baya ba ya ba shi wuya. Ɗaliban Nijar da ke zuwa karatu daga Maradi da Damagaram su ma da tasu garaɓasar. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da kotu, Latin kuma na coci da ilimi, don haka mafi yawan kalmomin Turanci na ilimi daga can suka fito. Yaron Damagaram da ke fama da hirar kasuwa da Turanci sai ya buɗe littafin tattalin arziki ya ga rabin manyan kalmomin 'yan gida ne. Aikina da shi ya koma na gargaɗi a kan masu kama da juna amma ma'ana daban, kamar "actually" da ba ta nufin "actuellement".

Batun bita ba ya bukatar dogon bayani. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Kalmomi goma da aka waiwaya gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako, sun fi hamsin da aka haddace a daren jarrabawa. Katin takarda ya isa, manhajar waya ma ta isa, in dai za a buɗe ta.

Inda nake saɓa wa abokan aiki da yawa shi ne wajen sa Hausa a darasin. Har yanzu akwai makarantun da ke cin tarar yaro in ya yi Hausa a aji, kuma malamai na ganin fassara gazawa ce. Ni a haɗuwar farko da kalma ina faɗin ma'anarta da Hausa, cikin daƙiƙa biyu an wuce wurin, maimakon bayani da Turancin da shi ma yana ɗauke da baƙin kalmomi uku. Daga haɗuwa ta biyu kuwa babu Hausa, sai ƙamus na masu koyo irin na Oxford wanda A. S. Hornby ya faro, saboda misalan jimlolin da ke cikinsa. Kowane mako kuma ɗalibi zai kawo sharhin jarida guda da ya karanta, na Daily Trust ko wata, ya nuna mini kalmomi biyar daga jerin Coxhead da ya tsinta a ciki, sannan ya rubuta nasa sakin layi da uku daga cikinsu.