Ɗan ƙanwata da kusurwar da na raina

Ranar Asabar na leƙa gidan ƙanwata na tarar da ɗanta Abba ya baje littafin lissafi a tabarma amma idonsa na kan waya, aikin gida ne aka ba su kan kusurwoyi biyu da idan ka haɗa su suke cika digiri 90, da waɗanda suke cika 180. Na ce ya yi, sai ya ce wai kawu ai ni kafinta zan zama irin ka, me zan yi da wannan. Wallahi gabana sai da ya faɗi, don maganar da na faɗa kenan ina JSS 2.

Ni ma guduwa nake idan an shigo lissafi. To amma fa a yi min adalci, ajin ya cika maƙil, malamin da turanci yake zubawa, kwamfilimentari, safilimentari, ka kasa maimaitawa bulala, ba wanda ya taɓa ce mana wannan abin shi ne rufin ɗaki. Duk da haka wasu a ajin sun zauna sun gane, ni ne dai ban zauna ba.

Sai da na fara karɓar aiki da kaina abin ya kama ni. Rufin kwano, zanen ya ce gangara digiri 30. Na sayo katako a Na'ibawa da kuɗin mai gida, na shata 30 a kan kowace rafta, wato katakon da ke gangarowa daga ƙolin rufi zuwa bango, wajen da za ta haɗu da ta ƙoli, na sa zarto. Ashe can sama 60 ake yanka daga gefen katakon, 30 ɗin na ƙasa ne inda take zama kan bango, su biyun su cika 90. Muka ɗora, baki ya ƙi haɗuwa. Da na sake yankewa tsawo ya gaza. Daga aljihuna na biya, mai gidan bai zage ni ba, amma bai ƙara nemana ba. Har yau nakan ce ai zanen ma bai fito da kyau ba, alhali na san ba laifin zanen ba ne.

Abba, ka ɗauko wannan rabin da'irar roba ta cikin set ɗinka ka duba, layin lamba biyu ne, inda 60 take a nan 120 take, saboda miƙaƙƙen layi 180 ne, ka karanta ta ɓangaren da ba shi ba ka ɓata katako. Kada ka bar makaranta. Ko da yake gaskiya a shago za ka fi saurin ganewa, da sukwaya, abin auna kusurwa na kafinta, a hannunka, ni a can na gane. Amma yaran yanzu minti biyar ba kwa iya yi ba ku taɓa waya ba, ta ina abu zai shiga?

Na ce ya zo shago ranar Lahadi da littafin, ya bar wayar wajen mamansa.