Wata takwas da babi na uku ya ci mini

Jiya na miƙa kwafin ƙarshe na kundina a ofishin sashe, na mayar da makullin ɗakin karatun 'yan digiri na biyu, na fito. Shekara uku da rabi ke nan a kan aikin da aka ce mana na shekara biyu ne. Yajin aiki ya ci nasa rabon, amma wata takwas daga ciki babi ɗaya ne ya cinye su, kuma a kansa nake son yin magana da ƙannena da ke baya a sashen tarihi.

Kundin a kan ƙananan al'ummomi ne a lokacin yaƙin basasa. Babi na uku ya shafi Yahudawan Sarayebo, babban birnin Bosniya, lokacin da dakarun Sabiyawan Bosniya suka yi wa birnin ƙawanya daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996. Ranar da na kai tsarin babin, malamin da ke duba aikina ya ɗauki jan biro ya soke ɓangaren ibada gaba ɗaya. Ya ce, "Kai, wa zai zauna ya karanta maka addu'ar Yahudawa a nan? Kawo alƙaluma. Mutum nawa suka fita, nawa suka rage." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Alƙaluman kuwa na kawo. Na samu cewa ƙungiyar agaji ta Yahudawan birnin, La Benevolencija, da taimakon wata ƙungiyar Yahudawan Amurka mai suna JDC, ta fitar da mutum sama da 2,000 daga birnin, da farko ta jirgin sama, daga baya a ayarin motocin safa. Sai na zauna na rubuta cewa Yahudawa sama da 2,000 sun fice, al'ummar ta watse, ibadarta ta tsaya cak har yaƙi ya ƙare. A kan wannan jimla guda na ɗora shafi 14.

Ranar kare kundi, farfesar da aka gayyato daga wata jami'a, dattijuwa ce mai magana a hankali, ta buɗe wani shafi da ta lanƙwasa kunnensa, ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ta ce, "Ɗana, a nan ka ce Yahudawan birnin kafin yaƙi ba su wuce dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ba. Shafi bakwai gaba ka fitar da sama da 2,000 daga cikinsu. Ragowar daga ina suka fito?" Na duba takardar da ke hannuna, bakina ya bushe. Ba abin da nake ji a ɗakin sai ƙarar fanka. Kafin in ce uffan, malamina ya gyara zama ya ce, "Farfesa, na sha gaya masa ya koma ya duba majiyoyinsa."

Wallahi bai taɓa gaya mini ba. Sau uku babin ya je teburinsa, sau uku ya dawo da sa hannunsa a shafin farko, ba ko ɗigon tawada a sauran shafukan. Har yau idan na tuna yadda ya faɗi maganar ba tare da ya dube ni ba, zuciyata takan yi zafi.

Amma kuskuren nawa ne, kuma ya wuce na lissafi. Amsar tana cikin majiyar da na ɗauko adadin: da yawa daga cikin mutanen da ke motocin nan Musulmi ne, da Sabiyawa, da Kuroshiyawa. Idona ya bi ta kan layin bai gan shi ba, domin na shigo aikin da abin da na taso ina ji, cewa Bayahude ba ya taimakon kowa sai ɗan'uwansa. Cikin waɗanda na ƙirga a matsayin Yahudawa har da Zejneba Hardaga, tsohuwa Musulma, wadda gidansu ya ɓoye wani iyalin Yahudawa, iyalin Kabiljo, daga 'yan Nazi a 1941. A farkon 1994 aka fitar da ita da iyalinta a ɗaya daga cikin ayarin nan. Da na karanta labarinta na daɗe ban iya ci gaba da rubutu ba.

Na koma kan ɓangaren da aka soke mini, a nan na tarar da babin na gaskiya. Majami'ar Yahudawa da aka gina a 1902 a bakin kogin Miljacka ba ta rufe ba. A ginin aka kafa kicin ana dafa wa duk mai jin yunwa, da ɗakin duba marasa lafiya, da na'urar rediyo da mutane ke aika saƙo ga 'yan'uwansu na waje, da hanyar shigo da wasiƙu. Ƙungiyar ta buɗe kantunan magani a cikin gari tana bayarwa kyauta, ba a tambayar addinin kowa, masu aikin sa kai ma daga kowane ɓangare suke. Jakob Finci ne ke jagorantar ƙungiyar, Ivan Čerešnješ kuma shugaban al'ummar. Ba su da malamin addini mazauni, sai David Kamhi, malamin kiɗa a jami'a, shi ke jan addu'a. A al'adarsu jam'i ba ya tsayuwa sai da maza 10. Da na san haka, sai na fara kallon kowane ayari da wani ido: duk motar da ta tashi ceto ce ga waɗanda ke ciki, kuma giɓi ce a sahun waɗanda suka zauna.

A Satumban 1992, ana ruwan harsasai, suka yi taron cika shekara 500 da korar kakanninsu daga Sifaniya a 1492. Tsohuwar maƙabartarsu da ke gangaren dutsen Trebević ta faɗa a layin daga, maharba suka mayar da ita maɓoya, aka binne nakiyoyi tsakanin kaburbura, sai bayan yaƙi aka tone su. Mutanen da ba sa iya ziyartar kabarin iyayensu su ne suke tashi kullum su ɗora tukunya don maƙwabta.

Akwai kuma wani littafi mai zane-zane da Yahudawa ke karantawa a idinsu na Ƙetarewa, Haggadar Sarayebo, da aka rubuta a Sifaniya wajen 1350. Musulmi ne, Derviš Korkut, ya ɓoye shi daga Jamusawa a yaƙin duniya na biyu. A 1992 wani Musulmin, Enver Imamović, ya ɗauke shi daga gidan tarihi ya kai shi taskar banki. A idin 1995 shugaban Bosniya Alija Izetbegović ya sa aka kawo shi majami'a, jama'a suka gan shi da idonsu. Wannan ce al'ummar da na rubuta cewa ibadarta ta tsaya.

Sauran darussan ba su da tsawo. Duk adadin da ka ɗauko, ka karanta sakin layin da ke kewaye da shi har ƙarshe. Ka adana kowane kwafi mai ɗauke da sa hannun malami, da kwanan wata. Kalmar "yaƙin basasa" kanta ka yi hattara da ita, don Musulmin Bosniya da yawa farmaki daga waje suke kiransa. Idan malami ya soke maka abin da ka san shi ne ƙashin bayan aikinka, ka ce masa "ranka ya daɗe" da ladabi, sannan ka nemi ya ba ka dalili a rubuce.

Da na aika wa farfesar babin da na sake, ta mayar mini da shi da gyara a kusan kowane shafi, ta kuma rubuta a ƙasa cewa in fitar da shi maƙala. Ta ƙara mini aiki guda: in bi Finci zuwa bayan yaƙi, lokacin da tsarin mulkin da aka yi a garin Dayton na Amurka a 1995 ya keɓe kujerun shugabancin ƙasa ga ƙabilu uku kawai, wato Musulmin Bosniya da Sabiyawa da Kuroshiyawa, ban da Yahudawa da sauran tsiraru, har shi da Dervo Sejdić, ɗan wata ƙabila marar rinjaye da ake kira Roma, suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai suka yi nasara a 2009. Da wannan na rufe babin.

Makon jiya malamina ya kira ni ofishinsa. Ya ji labarin maƙalar, yana so sunansa ya zo a farko. Na ce masa zan yi shawara, ranka ya daɗe. Maƙalar tana cikin jakata, sunana ne kaɗai a kanta.