Abin da Lissafin Kifin Halibat na Alaska Ya Koya Mini

A zangon ƙarshe na karatun digirina na biyu a fannin kula da albarkatun ruwa, malamin da ke duba aikina ya ɗora mini nazarin wani kifi da ban taɓa gani da idona ba, wato halibat na arewacin Tekun Pasifik. Kifi ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu suna gefe ɗaya, yana kwanciya a ƙasan teku, kuma mace ta fi namiji girma nesa ba kusa ba, har an taɓa kama wadda ta haura kilo 200. Tun 1923 Amurka da Kanada suka ƙulla yarjejeniyar kula da shi tare, suka kafa hukumar da har yau ita ke auna yawansa kowace shekara, ta kuma yanke adadin da za a kama. Ganin haka na ɗauka aikina bai wuce tattara alƙaluma ba, tunda an shafe kusan shekara ɗari ana rubuta su.

Masu kama halibat da gangan, igiya suke shimfiɗawa a ƙasan ruwa, doguwa mai ɗauke da ƙugiyoyi da koto, kuma da yawansu ƙananan jirage ne na mutanen garuruwan gaɓar Alaska. A cikin ruwan nan kuma akwai manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku, yawancinsu daga birnin Seattle na Amurka suke tasowa, suna neman wasu ƙananan shimfiɗaɗɗun kifaye da ake sarrafawa a daskarar a cikin jirgin. Taru ba ya zaɓe. Duk abin da ke kwance a gabansa sai ya kwashe, halibat kuwa wuri ɗaya yake kwana da waɗannan kifaye. Doka ta hana mai taru riƙe halibat ko sayar da shi, don kada ya riƙa bin sa da gangan yana cewa kuskure ne, saboda haka dole ya mayar da shi ruwa. Sai dai kifin da ya yi sa'o'i a matse cikin taru, aka kuma zube shi tare da tarin wasu, sau da yawa gawarsa ce ke komawa.

Darasin da ya fi zauna mini a rai ya fito ne daga yadda ake jera lissafin. Hukumar halibat ta ƙasashen biyu ba ta da iko da jiragen taru. Ikonsu yana hannun wata majalisar kamun kifi ta Amurka da aka kafa a ƙarƙashin wata doka ta shekarar 1976, ita ke ƙayyade yawan halibat ɗin da aka yarda ya mutu ta hanyar kamun kuskure. Idan hukumar ta auna abin da teku zai iya bayarwa a shekara, sai ta fara cire wanda ake sa ran zai mutu a taru, abin da ya rage shi ake raba wa masu ƙugiya. Shekaru da dama iyakar masu taru a tsaye take, ko kifi ya yawaita ko ya ragu, yayin da rabon masu ƙugiya ke hawa da sauka. Ma'anar wannan ita ce duk shekarar da kifi ya yi ƙaranci, mai ƙaramin jirgi ne ke ɗaukar nauyin ragin kusan gaba ɗaya. A 2014 nauyin halibat ɗin da ya mutu ta kamun kuskure a yankin Tekun Bering, da ke yammacin Alaska, ya zarce wanda masu ƙugiya suka sauke a gaɓa. Da na kai ga labarin tsibirin St. Paul na Tekun Bering a cikin takardun, sai abin ya daina zama mini alƙaluma. Tsibiri ne mai mutane 'yan ɗaruruwa, 'yan ƙabilar Unangan, waɗanda a da suke rayuwa da farautar wata dabbar teku don fatarta, kuma da aka dakatar da wannan sana'a a shekarun 1980 suka koma ga halibat. Babu gona, babu wani gari kusa da za a je ci-rani a dawo. A ganina, tsarin da ke ba wanda zai zubar da kifi kasonsa kafin wanda zai ciyar da iyalinsa da shi, tsari ne da ya saɓa wa adalci, ko da kowane mataki nasa yana bisa doka.

Na kuma yi wani kuskure da na amfana da shi. Duk kwatancen da na yi a rubutuna na farko da nauyi na yi shi, tan da tan, sai malamina ya tambaye ni kifi nawa ne a cikin kowane tan. Mai ƙugiya ba ya sayar da halibat ɗin da bai kai inci 32 ba, alhali yawancin wanda taru ke ɗaukowa a Tekun Bering ƙanana ne da ba su kai ga haihuwa ba. Idan kifi mai kilo 10 ne, guda 100 ne tan ɗaya, idan kuwa mai kilo 2 ne, guda 500 ke nan. Sannan binciken da aka yi ta hanyar maƙala wa kifi alama ya nuna cewa ƙananan halibat sukan yi ƙaura daga Tekun Bering zuwa gabas da kudu, har ruwan Kanada. Ke nan asarar tana shafar masunta da ke nisan dubban kilomita, a shekarun da ba su zo ba tukuna.

Duk da haka, aikin ya hana ni ɗora wa masu taru laifin komai, kamar yadda na so yi da farko. Tun daga shekarun 1980 halibat ya riƙa rage saurin girma, ta yadda kifi mai shekaru iri ɗaya yanzu ya fi na da ƙanƙanta sosai, kuma wannan ma ya rage nauyin abin da ake iya kamawa, ba tare da an iya jingina shi ga taru kaɗai ba. Jiragen nan kuma suna ɗauke da jami'an sa ido a kowace fita, sun ƙera taru mai kafar da halibat zai iya sulalewa, sun kuma koma tsince shi a saman jirgi da zarar an buɗe taru domin ya koma ruwa da ransa. Ma'aikatansu ma abinci suke nema.

A watan Yuni na 2015 majalisar kamun kifin ta Amurka ta zauna a garin Sitka na Alaska ta rage iyakar waɗannan jirage da kashi 25 cikin ɗari, daga tan 2,325 zuwa 1,745. Nan ma na koyi duba bayan adadi, domin abin da jiragen ke kashewa a zahiri ya riga ya yi ƙasa da tsohuwar iyakar, don haka ragin da ya isa cikin ruwa bai kai na takarda ba. Sai a Disamba 2021 aka amince a ɗaura iyakar da yawan kifin, tsarin ya fara aiki a 2024, kuma idan kifi ya yi ƙaranci ƙwarai iyakar kan sauka da kashi 35 cikin ɗari. Sabon tsarin ya dogara ne ga awo biyu da ake yi kowace shekara, ɗaya da ƙugiya daga hukumar halibat, ɗaya da taru daga gwamnatin Amurka. Abin da na rubuta a shafin ƙarshe na aikina shi ne a tabbatar da kuɗi da jiragen da za su riƙa fita wannan awo, domin a 2020 annobar korona ta hana yin na tarun a Tekun Bering.