Wasiƙa daga Ingila: na shiga ƙungiyar dattawa

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki na gida,

Ina gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya. Tun da na yi ritaya, sai in wuni ban yi magana da kowa ba in ba a waya ba. Yara sun girma, kowa ya kama gabansa, ga hunturun ƙasar nan da kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe. 'Yata ta yi ta roƙona in leƙa wata ƙungiyar dattawa: "Baba, ka je ko sau ɗaya ne." Na daɗe ina ja da baya, don a zatona wurin waɗanda ƙarfinsu ya ƙare ne.

Ƙungiyar reshe ce ta u3a (University of the Third Age, wato ƙungiyar koyo ta masu ritaya), wadda aka kafa a nan a 1982, bayan an aro tunanin daga birnin Tulus na Faransa, inda aka fara a 1973. Babu jarrabawa, babu takardar shaida, mambobi ne ke koyar da junansu. Wannan ne ya kama zuciyata. Ba a tambaye ni ciwon da nake fama da shi ba, abin da na iya aka tambaye ni. Na ce na ɗan taɓa gyaran agogo, nan take wata dattijuwa ta ce tana da na mahaifinta da ya tsaya shekara da shekaru.

Ana fita tattaki, ana zane, ana koyon kwamfuta. Ni na fi son ƙwallon tafiya, wato ƙwallon ƙafa da ake bugawa ana tafiya, wasan da aka fara a garin Chesterfield na Ingila a 2011, wanda dokarsa ta hana gudu. Gwiwa ba ta wahala, amma gumi yana fita.

Kada a raina kaɗaici. Gwamnatin Birtaniya sai da ta naɗa masa minista, Tracey Crouch, a 2018. A gida ma ina jin matasa suna tafiya neman abinci can nesa, tsofaffi suna zaune shiru, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Makon da mura ta kwantar da ni, mutum uku suka kira suna cigiyata, ɗaya har ya zo ƙofa. Agogon nan kuwa ya tashi, Laraba mai zuwa zan mayar mata da shi.

Wassalam,
Ɗan uwanku a Ingila